Wasiƙa ga ɗana kan gardamar da ya kasa ƙarasawa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan karatu na tafiya daidai. Mahaifiyarka na gaishe ka.

Tun da muka ajiye waya zancenka ke yi mini yawo a kai. Ka ce abokinka ya tambaye ka dalilin da ya sa kake kallon sha'awar jinsi ɗaya a matsayin laifi, ka amsa masa da cewa abin ƙyama ne kawai, ya yi dariya, ka fusata. Kada ranka ya ɓaci, ni ma na murmusa. Ƙyama ba hujja ba ce, ɗana. An daɗe ana ƙyamar kutare, hakan bai mai da kuturta zunubi ba.

Ka tona ka ga inda ra'ayin naka ya yi saiwa. In nassi ne, to ka san nassin. Ƙissar mutanen Annabi Luɗu tana cikin Suratul A'araf daga aya ta 80, ta kuma zo a Hudu da Shu'ara'i, daga sunansa ma kalmar luwaɗi ta fito. Yahudawa da Kiristoci nasu na cikin Littafin Firistoci, 18:22. Amma ka lura, malamai a kan aiki suka gina hukunci. Abin da ya ɗarsu a zuci kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma shi matuƙar ba a aikata ba, ba a furta ba. Masu ɗaga murya da yawa ba su taɓa tsayawa a wannan bambanci ba.

Wata saiwar kuma ba ta addini ba ce sam. Sashe na 377 na dokar laifuka da Turawan Ingila suka kafa wa Indiya a 1860, sashen da ke hukunta luwaɗi, shi aka yi ta kwaikwaya a ƙasashen da suka mulka. Su Ingilan suka sassauta tasu a 1967, Indiya kuwa sai 2018 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Likitoci ma sun taɓa kiran abin ciwon taɓin hankali, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta janye a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Wanda ya jingina da doka ko da likita, ran da suka matsa sai ya ji shi a ƙasa. Abokin naka ma ka tambaye shi, nasa ra'ayin bincike ya yi, ko iskar zamani ce ta kwaso shi?

Abin da ya fi damuna shi ne yaron nan da ka ce kuna tsokana saboda yanayin tafiyarsa da muryarsa, har da leƙa masa waya. Wane malami ya ba ku wannan? Aya ta 12 a Hujurati ta hana mugun zato, ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana yi da su. Ba ka san me ke ransa ba, ba ka san da me yake kwana ba. Kai ne da laifi tabbatacce, shi kuwa zato kawai kuke yi masa.

Kafin hutu ka same shi shi kaɗai, ka nemi yafiyarsa. Idan ka dawo zan tambaye ka yadda kuka yi.

Mahaifinka.