Ɗan shekara uku da jingar shafi biyu?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na ɗauki alƙalami ne saboda shirinku na rediyo kan ilimin yara na ranar Asabar da ta wuce. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu ban huce ba. Baƙuwar da kuka gayyato mai makarantar kuɗi ce, hajarta take tallatawa, ban yi mamakinta sosai ba. Mai gabatar da shirin ne ya fi ba ni haushi. Mata ta zauna tana alfahari wai a makarantarta ɗan shekara uku yana rubuta ɗaya zuwa ɗari, wai sun rage lokacin tara domin wasa ɓata lokaci ne, shi kuwa sai madalla yake ta jera mata. Ko sau ɗaya bai ce, Hajiya, to yaran nan yaushe suke fita tsakar makaranta su motsa jiki ba.

Ni na koyar da 'yan nazare a nan Jos har furfura ta fito mini, na san yadda ake samun ɗan shekara uku mai rubuta ɗari. Hannunsa ake kamawa. Malama ta danne masa yatsu a kan fensir tana ja, yana hawaye, har littafi ya cika a kai wa iyaye su ji daɗi. Amma ka zuba wa yaron nan duwatsu bakwai ka ce ya miƙo maka huɗu, sai ya tsaya yana kallonka. Yarinyar da ta saba carafke kuwa ba za ta tsaya ba, domin ta daɗe tana kwasar bibbiyu da uku-uku da hannunta, kuma ƙawayenta ba za su bari ta yi musu zure ko da dutse ɗaya ba. A ajina na sha fitar da yara ƙarƙashin bishiyar mangwaro, mu tara murafen kwalba da 'ya'yan dabino, in raba yaran gida-gida, kowane gida ya ware nasa, manya gefe ƙanana gefe. Hayaniya ake yi, ana gardama, wani ya yi fushi ya koma gefe, 'yan'uwansa su lallaso shi ya dawo. Wanda ya riga ganewa shi yake nuna wa na kusa da shi, kuma wallahi sau da yawa bayanin yaro ga yaro ya fi nawa shiga. A 'yar gala-gala suke koyon jiran layi, a langa suke koyon faɗuwa su tashi ba tare da gaba ba. Akwai wata yarinya da ta yi zango guda ba ta ce uffan a aji ba, har uwarta ta fara zargin ko kunne ne. Ranar da muka yi gaɗa a fili, ita ta karɓe amshi da murya garau. Da a kan benci muka bar ta, da mun rubuta mata daƙiƙiya a katin sakamako.

Kuma wannan ba ra'ayin tsohuwar malama ba ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a kowace rana, minti 60 daga ciki na guje-guje da tsalle-tsalle sosai, kuma kada a ɗaure shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Manufar ilimi ta ƙasa da gwamnatin Najeriya ta rubuta da kanta ta ce ta hanyar wasa za a koyar da 'yan share fagen firamare. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita, ta sa wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. A ƙasar Finland sai yaro ya kai shekara 7 yake shiga firamare, kuma ba wanda ya ce 'ya'yansu sun zama jahilai. Ita kanta Maria Montessori, wadda ake ta manna sunanta a allunan makarantu daga Bauchi Road har Bukuru, likita ce da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, inda yara ke shara, suna zuba ruwa, suna zaɓar aikin da za su yi da hannunsu. Sunanta aka ɗauka aka bar aikinta. Mai gabatar da shiri irin wannan ya kamata ya zo da ko ɗaya daga cikin waɗannan a aljihunsa.

Mu da muke Musulmi ma ba sai mun je Turai neman hujja ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba.

Jikana yanzu yana irin makarantar da Hajiyar taku take yabo. Gidan haya ne aka mayar makaranta, tsakar gidan an shafe ta da siminti, motar mai makaranta da janareta sun cinye ta, lilo ɗaya a lungu ya yi tsatsa an ɗaure shi da sarƙa. Tun safe yaro yana kan benci har bayan azahar. Ya dawo da jingar shafi biyu, ƙarfe huɗu kuma Islamiyya na jiransa. Na sha ɗauke shi yana barci a kan littafi, fensir a hannu. Da na je na yi magana sai aka ce mini sanyin Jos ne, yara za su yi mura. Mu ba a Jos ɗin muka tashi ba? Hunturu ya hana mu fita? A sa masa suwaita da hula ya fita ya yi gudu, jikinsa zai ɗumama fiye da zaman ɗakin siminti mai sanyi kamar randa. Sai kuma aka ce tsaro. To ai saboda tsaron ne nake magana. Unguwanninmu sun cushe, dandali ya zama shaguna, titi ya cika da Keke Napep, bayan gari kuma ga kududdufan kuza da suka sha cin yara. In makaranta mai katanga da malamai ba ta ba yaro fili ba, ina zai samu?

Akwai kuma abin da duk ɗan Jos ya sani. Tun rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya unguwanni suka rabu. Yaro zai iya girma a Gangare ko Anguwar Rogo bai taɓa buga ƙwallo da ɗan Birom ko ɗan Anaguta ko ɗan Ibo ba. Lokacin da na fara koyarwa, a filin makaranta suke haɗuwa, su yi faɗa da safe su raba rake da rana. Inda har yanzu ake samun aji mai gauraye, filin nan ya fi kowane taron sulhu amfani, amma shi ne ake ce mana ɓata lokaci ne.

Mu iyaye ma da laifinmu. Uwa ta taɓa zuwa ta zazzage ni a gaban yara don rigar ɗanta ta yi ƙasa. Muna son littafi cike da jan biro, muna son bikin yaye 'yan nazare da doguwar riga da hoto. Masu makarantu abin da muke saye suke sayar mana. Shi ya sa gidan rediyo yake da nauyi a wuyansa, domin uwar da ke Rikkos ko Nasarawa ta ji Hajiyar nan, gobe za ta je ta tsananta wa malamar ɗanta.

Ina roƙon ku sake shirin. Ku kira likitan yara, ku kira malamar ajin share fage ta makarantar gwamnati, ku kira jami'in hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ya gaya mana ƙa'idar fili kafin a ba makaranta izini. A ba masu kira lokaci kuma, don na yi ta bugawa layin bai shiga ba.

Sannan don Allah, tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shirin, da kalaman da ba su dace da kunnen yaro ba, ku mayar da shi dare. Da jikokina nake saurare, dole na rage murya.

Wassalam.

Mai sauraronku,
Tsohuwar malamar nazare, Anguwar Rogo, Jos