Indiyar da 'yan fim ɗinmu ba su kwaikwaya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan muhawarar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a shafinku na nishaɗi, wato batun cewa fina-finan Indiya ne suka lalata fim ɗin Hausa. Wanda ya yi rubutu a makon jiya cewa ya yi da za a toshe ƙofar Indiya ɗungurungum, da 'yan fim ɗinmu sun shiryu. Ni ban yarda ba, kuma ba rawa da waƙa nake karewa ba. Indiya guda ɗaya muka sani, ta Bombai. Ita muka kwaikwaya, ita kuma muke zagi. Akwai wata a bayanta wadda ta fi kama da mu, ba mu taɓa leƙa ta ba. Ni ma ba dabarata ce ta kai ni ba, jinya ce.

Shekarun baya na raka ƙanena wani asibiti a birnin Ahmadabad, a jihar Gujarat da ke yammacin Indiya, jihar su Mahatma Gandhi. Ciwon ƙoda ne, muka shafe kwana arba'in da ɗoriya. Cikin Janairu muka je. Ranar 14 ga wata garin kaf ya hau saman gidaje, yara da manya, ana sakin 'yan jiragen takarda masu zare, sama ta yi kamar an watsa mata ƙyallaye. Abinci kuwa kada ma ka tambaya. Da yawansu ba sa cin nama, miyar wake ma sai an jefa mata mazarƙwaila. Kilishin da na ƙunso daga Bauchi shi ya riƙe ni sati biyu, ina gutsura kamar magani.

A ɗakin da aka kwantar da ƙanena akwai talabijin a jikin bango. Wata rana da la'asar aka sa wani tsohon fim. Sai na ga dattijon da ke gadon kusa da mu, wanda kwana uku ban ji muryarsa ba, ya sa ɗansa ya tada shi zaune ya kara masa filo. Matar da ke goge ɗakin ta jingine kayan aikinta a bango, ta tsaya rungume da hannuwa. Ni da na ƙarar da kwabbaina a gidan silima tun ina saurayi, na san Dharmendra da muke kira Sarkin Ƙarfi, na san Amitabh Bachchan ko ta ƙeya, amma na ƙura wa wannan jarumi ido ban gane shi ba. Harshen ma kunnena ya gaya mini ba Indiyancin da na saba ji ba ne. Na tambayi ɗan dattijon, wanda yake jin Turanci, na ce wane ne wannan? Ya dube ni irin kallon da za a yi wa baƙon da ya sauka Kaduna yana tambaya wai wane ne Samanja. Ya ce Upendra Trivedi ne.

Daga bakin yaron nan na fara jin labarinsa, sauran kuma na bi na karanta bayan mun dawo. An haife shi a 1936 a birnin Indore, amma asalin iyayensa wani ƙauye ne kusa da Idar a arewacin Gujarat. A kan dandamali ya fara, a Bombai, tun yana ɗalibi, da harshen Gujarati. Akwai wasan da ya fito a matsayin mutum bakwai shi kaɗai, sunan wasan Abhinay Samrat, wato sarkin wasa, har sunan ya bi shi ya zama kirarinsa.

A nan sai an fahimci inda Gujarat take. Maƙwabciyar Bombai ce, kafin 1960 ma jiha ɗaya suke. Duk saurayin da Allah ya ba baiwar wasa, jirgin ƙasa na kwana ɗaya ya ishe shi ya faɗa kasuwar fim ɗin Hindi, wato Indiyancin da muka saba ji, inda kuɗi da suna suke. Da yawa sun tafi. Sanjeev Kumar, wanda ya fito dattijon nan mai yankakkun hannuwa a fim ɗin Sholay, mutumin Surat ne, ɗan Gujarat, amma mu nan wa ya taɓa sanin haka? Ƙanen Upendra ma, Arvind Trivedi, Indiya duka ta san shi ne saboda fitowarsa a matsayin mugun sarki Ravana a wasan talabijin na Ramayan da aka fara a 1987. Shi Upendra ya ɗan taɓa fim ɗin Hindi, amma ƙarfinsa duka a harshen da ya sha a nono ya zuba shi. Masu harshen sun haura miliyan 50, amma a gefen Hindi ƙaramar kasuwa ce, kamar dai yadda muke ji a gefen 'yan Legas.

Fim ɗin da ya fito da shi, Jesal Toral, a 1971 ya fito. Labarin wani ɗan fashi ne na yankin Kach da wata mace mai ibada ta shiryar, labarin da mutanen ƙauye suka daɗe suna rerawa, ƙaburburan su biyun ma suna nan a garin Anjar ana ziyarta. Ba a aro shi daga ko'ina ba. Kamar a ce mu yau an ɗauko Bayajida, ko an ɗauko yadda Yakubu ya kafa garin nan namu na Bauchi ya zagaye shi da ganuwa. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, ya farfaɗo da sana'ar a jihar, gwamnatinsu kuma ta sassauta wa fina-finan harshen haraji, aka yi ta yi.

Kada a ce na mai da su waliyyai. Su ma suna rawa suna waƙa, sosai ma. Da kasuwa ta buɗe kuma sai kowa ya auka wa labari iri ɗaya, sarki da ɗan fashi da budurwar ƙauye, yau shi gobe shi, har mutanen birni suka gaji suka juya musu baya na tsawon shekaru. Wannan ciwon mun san shi, ba sai an yi mana bayani ba.

Amma fim ɗin da na gani a bangon asibiti daban ne. Sunansa Manvini Bhavai, na 1993. Upendra ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin Kalu, manomin da labarin ke kansa. Daga littafi aka ɗauko shi, wanda Pannalal Patel ya wallafa a 1947, marubucin da ya ci Jnanpith, babbar kyautar adabi ta Indiya, a 1985. Kalmar bhavai ɗin nan ita ce kuma sunan wasan gargajiyarsu na dandali, wanda ake yi da dare a tsakiyar ƙauye, maza su yi shigar mata, a busa wani dogon ƙaho mai kama da kakaki. Da yaron ya kwatanta mini sai tashe ya faɗo mini a rai. Labarin kuwa na yunwa ne, yunwar 1899 zuwa 1900, wadda suke kira Chhappaniyo, wato ta hamsin da shida, don a shekarar 1956 ta kalandarsu ta faɗo. Fim ɗin ya ci kyautar ƙasa ta fim ɗin Gujarati mafi kyau.

Ba na jin ko kalma ɗaya ta harshen. Amma akwai wurin da aka nuna ana rabon hatsin agaji, mutane sun yi layi, aka zo kan Kalu ya kasa miƙa hannu. Yaron ya sunkuyo zai fassara mini, na ɗaga masa hannu na ce bari. Na riga na gane. Manomi ne, shi yake noma hatsin nan, yau kuma a ce ya tsaya a auna masa sadaka.

Na gane ne saboda na gani da idona. A farin 1973 ina ɗan shekara goma sha uku a ƙauyenmu a ƙasar Katagum, lokacin ko jihar Bauchi ba a yi ba, muna Arewa maso Gabas. Gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Fulani suna ba da saniya a kan kuɗin da a da ko akuya ba zai saya ba, Buzaye suna ta gangarowa daga Nijar da ragowar raƙumansu. Mata suna dafa tafasa da dusa, wasu har gidan tururuwa suke tonawa su tsince hatsin da ke ciki. Da aka kawo hatsin agaji ƙofar gidan dagaci, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya ƙi zuwa. Mutum ne mai rumbu uku, wanda ake zuwa aron iri wurinsa. Ya zauna a zaure wuni guda yana gyaran wata igiya da ba ta lalace ba. Sai da aka yi sallar magariba duhu ya fara, ya kira ni ya miƙo mini ƙwarya ba tare da ya dube ni ba, ya ce in bi ta bayan gari. Shekara arba'in da wani abu ban tuna igiyar nan ba, sai a ɗakin jinya a Ahmadabad, gaban wani mutum da ban taɓa jin sunansa ba. Da na waiwaya dattijon kusa da mu yana share ido da bakin mayafinsa. Ni ma na tashi na ce zan je alwala.

To Malam Edita, ina namu? Tsofaffin Kano suna da yunwar da suke kira Kakalaba, ta wajejen 1914. Mu muna da 1973. Muna da littattafai cike da shaguna. Kuma ba wai ba mu taɓa iyawa ba ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, ya rubuta Shaihu Umar, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Fim ɗin ya ɓace wa idon jama'a shekara da shekaru, sai da aka gyara shi aka nuna a birnin Balin na Jamus a 2018. Ka tara matasa ɗari a Wunti ka tambaya wa ya taɓa kallonsa, in ka sami biyar ka yi sa'a.

Ni kaina da nake koyarwa na taɓa shirya Shaihu Umar da 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu. Alkyabba aro muka yi, raƙumi kuwa yara biyu ne a cikin bargo. Iyaye suka cika ɗakin taro har da na tsaye a taga. Bayan shekara biyu aka kawo sabon shugaban makaranta, ya ce wasan kwaikwayo ɓata lokaci ne, ya mai da ɗakin ajiyar kayanmu wurin tara karyayyun kujeru. Shi ya sa in ana zagin 'yan fim sai in ce a rage murya. Upendra ya yi shekaru a kan dandamali, gaban mutane masu rai da za su yi maka tari ko su tashi su fita in ka gaza, kafin kyamara ta san shi. Yaranmu wane dandamali muka bar musu? Mun rushe na makaranta, tashe ma yana neman ya mutu, sannan muna mamakin sun koyi sana'a daga kaset.

Wani abin da ya ba ni mamaki, mutanensa ba su ɗauke shi ɗan iska ba don yana wasa. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri a 1989. Mutanen mazaɓar Bhiloda ta Gujarat sun zaɓe shi ɗan majalisar jiha ba sau ɗaya ba, tun daga 1980, har ya riƙe muƙamin mataimakin kakakin majalisar daga 2000 zuwa 2002. Ya mutu a Ahmadabad ranar 4 ga Janairun 2015. Mu kuwa ɗan fim ya je neman aure ma a gani.

Ɗan ƙanwata yana harkar fim, yana tsakanin Jos da Kano, yanzu ya koma masu dogon zango da ake sakawa a YouTube. Da ya zo gaishe ni da sallah na zaunar da shi na ba shi wannan labari tiryan-tiryan, har da igiyar kakansa. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Kawu, wa zai sa data ya kalli yunwa? Ai da ita mutane suke kwana." Na yi shiru, don maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba ni zan biya 'yan wasa ba. Abin da na iya ce masa kawai, shi ma Upendra sai da ya yi shekara ashirin da biyu yana ba mutane abin da suke so, daga 1971 zuwa 1993, kafin ya kawo musu wannan, kuma sun karɓa. Ban ce a daina soyayya ba. A cikin fim ɗin yunwar ma akwai soyayya, Kalu yana da wadda yake so bai samu ba. Cewa na yi cikin goma a yi ɗaya.

Gwaggona tana nan da ranta a Gamawa, ta haura tamanin, idonta ya tafi amma kanta garau yake. Ta san sunan duk ganyen da aka ci a shekarar nan, ta san wanda ya gudu ya bar iyali da wanda ya tsaya, har waƙar da mata suke yi a wajen daka dusa ba ta manta ba. Na ce wa yaron ko ba zai yi fim ba, ya ɗauki wayarsa ya je ya zauna da ita wuni biyu ya naɗi muryarta, kuɗin mota ni zan bayar. Ya ce, "To, Kawu, in sha Allahu." Ga shi har an yi girbi, ban ji ya tafi ba.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Jahun, Bauchi.