Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Ilimin Bai Ɗaya (SUBEB) Ta Jihar Kano: A Ware Gurbin Malamin Tallafin Karatu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Mu malaman ilimi na musamman ne. Kukanmu a kan yaron nan ne mai ido lafiya, kunne lafiya, baki da zance, amma ya kai aji huɗu bai iya haɗa "ra" da "go" ya karanta "rago" ba. Daƙiƙi ake ce masa. Sau da yawa disleksiya ce ke damunsa, wato ƙwaƙwalwarsa na shan wahala wajen danganta harafi da sautinsa. Basirarsa ƙalau take, bulala kuma tsoron littafi kawai take ƙara masa.

Masu iya aikin taimaka wa irin wannan yaro akwai su. Jami'ar Bayero da ta Jos suna da sashen ilimi na musamman, ga kuma kwalejin ilimi na musamman ta tarayya da ke Oyo da aka kafa a 1977. Sai dai in an ɗauke su aiki, ko a tura su makarantar kurame da makafi irin ta Tudun Maliki, ko a damƙa musu aji mai cunkoso kamar kowa. Mai disleksiya kuwa yana makarantar unguwa, a bencin baya.

Ga abin da malamin tallafin karatun da muke roƙo zai yi. A ƙarshen aji ɗaya, a fara duba ido da kunnen duk yaron da aka bari a baya. Sannan a gwada shi shi kaɗai, minti 10: ya faɗi sautin haruffa, ya rarraba kalma gaɓa-gaɓa, ya karanta kalmomi marasa ma'ana kamar "mizo" da "lefu". Wannan gwajin na ƙarshe shi ke tona asiri, domin karatun amshi da muke yi a aji yana ɓoye matsalar: yaro ya haddace allo, baki na tafiya, ido bai karanta komai ba. Juya "b" da "d" kaɗai ba hujja ba ce, yara da yawa na yin haka kafin shekara 7.

Waɗanda aka gano, a haɗa su uku zuwa biyar, minti 30, sau huɗu a mako. Sauti ɗaya a lokaci guda: ya ji, ya furta, ya zana da yatsa a rairayi, sannan ya rubuta. A raba "b", "d", "ɓ" da "ɗ" da tazarar makonni. Koyar da su tare kuskure ne. Kuma a fara da Hausa, inda harafi ke riƙe sautinsa, kafin Turanci da rubutunsa ke saɓa wa furuci.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a buɗe wannan gurbi da sunansa a tsarin ma'aikata, malami ɗaya ga makarantu uku ko huɗu na kusa, ba tare da an ɗora masa aji ba. A ba shi matakan ƙarin girma a cikin fannin, don kada ci gabansa ya zama sai ya bar yaran ya koma kujerar hedimasta. A kuma ba yaran ƙarin lokaci a jarrabawa. Jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, muna roƙo a sa wannan gurbi a ɗaukar malamai mai zuwa.

Wassalam,
Malaman ilimi na musamman, Kano