Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya: Wa Ke Duba Injinan Hoton Mama?

Mai girma Minista, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ƙorafi na zo da shi.

An buɗe cibiyoyin kula da masu ciwon daji a Katsina da Enugu da Benin a 2025, mun gani, mun yaba. Kowane Oktoba kuma ana fitowa da riguna masu ruwan hoda ana kiran mata su je a ɗauki hoton mama, wato mamogiram, domin gano sankarar mama da wuri. To, mun ji. Amma wa ke tabbatar da cewa injin da aka tura su gabansa yana ganin abin da aka ce zai gani?

Ni mai ɗaukar hoto ce a wani asibiti da ba zan kama sunansa ba. Injinmu na mamogiram yana kunnuwa, yana matse mama, yana fitar da hoto, kowa ya ce lafiya lau. Rabon da wani masani ya auna ingancin hotonsa kuwa, tun ranar da injiniyan kamfani ya kafa shi ya tafi. Kai likita ne, ka san farkon sankarar mama sau da yawa ba ƙullutu ba ne da hannu zai ji. Wasu 'yan ɗige-ɗige ne farare, ba su kai rabin milimita ba. Idan farantin da ke karɓar hoton ya fara gajiya, su ne abin da ke fara ɓacewa, alhali sauran hoton na nan fes a ido. Shi kuwa farantin ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son wutar da ke zuwa tana komawa. Ka duba yadda ɗakunanmu ke zama a watan Afrilu idan janareto ya tsaya, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu.

Sai a ce wa mace, “Hajiya, babu komai, sai bayan shekara biyu.” Ta yi hamdala ta tafi. Ranar da ta ji ƙullutu a jikinta ba za ta yi gaggawar dawowa ba, tunda asibiti ya riga ya wanke ta. Wadda ba a taɓa dubawa ba ma ta fi ta tsaro, domin ita tana nan da shakkarta. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna sama da mata 32,000 suka kamu da wannan cuta a Nijeriya, sama da 16,000 suka rasu, kuma mafi yawansu sai abu ya yi nisa ake ganewa. Hukumar ta sa burin a riƙa gano kashi 60 cikin ɗari tun a mataki na ɗaya ko na biyu. Da injin da ba a aunawa za a kai can?

Na san amsar da za a ba ka: masana kimiyyar na'urorin asibiti ba su da yawa, 'yan kaɗan ɗin ma suna wajen injinan gashin ciwon daji. Gaskiya ne. Amma wannan uzurin ya tsufa. Tun 2021 hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, wadda Nijeriya ke cikinta, ta fitar da tsarin auna injinan hoto daga nesa, domin ƙasashe irin tamu, tare da manhaja mai suna ATIA, kyauta. Abin gwajin ma ba wani kayan gabas ba ne. Allo ne na roba mai garai-garai, an maƙala masa ɗan faifan jan ƙarfe da wani siririn yanki na alminiyon. Mai ɗaukar hoto ta ɗora shi inda mama ke zama, ta ɗauka, ba ya cin minti goma. Manhajar ta karanta hoton, ta auna kaifinsa daga gefen jan ƙarfen, ta auna yadda alminiyon ya bambanta da abin da ke kewaye da shi, ta auna dusashewar da ke ciki, ta fitar da lambobi. Idan ana yin haka duk mako, lambobin na jeruwa, sai a ga injin ya fara karkata tun ido bai lura ba. Masani ɗaya a Abuja ko Zariya zai iya bibiyar injinan jihohi da dama daga kwamfutarsa, ya je inda lamba ta ce a je.

Ko dai laifin wannan tsari shi ne arharsa? Babu kwangila mai tsoka a ciki, babu zaren da za a yanka, babu mai ɗaukar hoton allon roba ya sa a jarida. Ka gafarce ni, zuciya ce.

Amurka ta yi doka tun 1992: ba mai ɗaukar mamogiram sai da takardar shaida, kuma duk shekara sai an zo an duba injin. Mu ma muna da hukumar NNRA mai ba da lasisin duk abin da ke fitar da tururin rediyeshin, muna da NICRAT, cibiyar bincike da maganin ciwon daji ta ƙasa, muna da tsarin yaƙi da ciwon daji na 2023 zuwa 2027. Takardu ba su yi mana ƙaranci ba. Abin da nake roƙo shi ne ka zaunar da su, a mayar da gwajin mako-mako sharaɗi, na gwamnati ne asibitin ko na kuɗi. A raba allon gwaji, a koya mana, a sa masani ya riƙa karɓar sakamakon. Injin da ya faɗi a dakatar da shi har a gyara, kuma kuɗin gyaran ya shiga cikin yarjejeniyar saye tun farko. In ba haka ba, manhaja za ta yi ta nuna ja, shugaban asibiti ya ce a ci gaba da aiki saboda kuɗin shiga.

Akwai maganar allon da likita ke karanta hoton a kansa, wanda shi ma yana buƙatar a daidaita shi, da ɗabi'ar tura hoto ta WhatsApp a karanta a waya. Akwai ta tsadar ɗaukar mamogiram ɗin kansa. Waɗannan sai wani jiƙon.

Ranka ya daɗe, ka aika a tambayi kowane asibitin tarayya mai injin mamogiram ranar da aka auna shi na ƙarshe da abin da aka samu. A buga amsar kowa ya gani kafin Oktoba mai zuwa.

Wassalam,
Wata mai ɗaukar hoton asibiti