Wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mana da manhajar lissafin shago

Assalamu alaikum. Na rubuto wannan ne a fili inda kowa zai gani saboda amsar da ma'aikaciyarku ta ba ni ranar 17 ga Oktoba da ƙarfe 4:20 na yamma, kuma tun daga ranar duk lambar da na kira sai dai a sa min kiɗa har katina ya ƙare. Sunanku ban kama ba tukuna, amma kun san kanku, ku ne kuka zo har Ijora a nan Legas da jakunkuna da huluna kuna ce mana mun rabu da biro da littafi.

Ni tayoyi da batir na manyan motoci nake sayarwa, yawancin kwastomomina masu tanka ne da tirela da ke lodi a Apapa. Ranar 3 ga Satumba wani Alhaji ya ɗauki tayoyi na naira miliyan 4, da harajin VAT na 7.5% wato 300,000, ya kama 4,300,000 cif. Ya rubuta min cek na ranar 10 ga wata. Ranar 11 yarona ya kai banki tare da wani cek ɗin na 1,150,000 na wani mutum daban, ya dawo ya shigar da su a manhajarku a matsayin ajiya ɗaya, 5,450,000. Washegari banki suka dawo da na Alhaji, an buga masa DAR, wato a koma wajen mai cek ɗin, babu kuɗi a asusun.

To wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwa, cek yana dawowa, ana kiran mutum a yi magana. Abin da nake so manhajar ta yi kawai shi ne ta cire 4,300,000 daga balans na banki, ta mayar da bashin kan Alhaji, inbois ɗinsa ya sake buɗewa, kuma tarihin ya zauna a gani cewa ranar kaza ya ba da cek ranar kaza ya dawo. Duk akantan da ya san aikinsa layi biyu zai ja a littafi ya gama. Mun duba sama mun duba ƙasa, babu wajen dannawa.

Na farko da ya amsa mana a caat ya ce mu goge biyan. Manhajar ta ƙi, wai yana cikin ajiya. Wani kuma bayan kwanaki ya ce to mu goge ajiyar gaba ɗaya mu sake shigarwa, muka bi maganarsa tunda shi ne ma'aikacinku, sai ga ɗaya mutumin mai 1,150,000 wanda ya biya kuɗinsa lafiya lau ya koma mai bashi, kafin mu ankara manhajar ta tura masa saƙon tuni da kanta wai ya daure ya biya. Dattijo ne, tun zamanin mahaifina muke ciniki da shi, sai da na hau mota na je har Agege na ba shi haƙuri a ƙofar gidansa. Wata kuma ta ce mu rubuta kuɗin a kashe-kashen shago, kenan ribar watan Satumba ta faɗi da miliyan huɗu da wani abu, shi kuma Alhaji littafi ya nuna ba a binsa ko sisi. Har akwai wanda ya ce a goge inbois ɗin, haba dan Allah, tayoyin sun fita suna kan titi, 300,000 na VAT ya ɓace daga rahoton da ake miƙa wa hukumar haraji kafin 21 ga watan gaba, in sun zo bincike ku za ku tsaya min?

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne rasit. Minti ɗaya da shigar da cek ɗin manhajarku ta tura wa Alhaji rasit a WhatsApp da tambarin shagona, an biya duka. Babu wanda ya tambaye mu, babu jiran banki ya tabbatar, alhali a Najeriya sai washegarin ranar aiki cek ke wankewa. Yanzu in na kira shi sai ya turo min hoton rasit ɗin nan. Dokar 1977 kan cek mara kuɗi ta ce wanda ya karɓi kaya da irin wannan cek, aka kai banki cikin wata uku ya dawo, ɗaurin shekara biyu ne babu zaɓin tara, lauya ya gaya min ina da magana, amma ya ce in kawo sitetimen na kwastoman daga littafina. Me zan kai masa? Takardar da ke cewa mutumin ya biya?

Shi ne na kira ranar 17 ɗin na zayyana wa ma'aikaciyar taku duk wannan tiryan-tiryan. Ta ce, “Oga, wannan yana cikin babban fakej ne, naira 310,000 a shekara.” Na ce mata na biya 186,000 a watan Maris, bara 120,000 ne, ta yaya gyaran kuskuren da manhajar ta jawo zai zama sai na ƙara kuɗi. Ta yi dariya ta ce, “Oga wa ke karɓar cek a wannan zamanin, ka ce su yi tiransifa mana.” Na ce a ba ni manaja, na ji ta juya tana ce wa na kusa da ita wai aboki ne bai gane ba, sai layi ya yanke. Wlh na gane sarai, shekaruna a kasuwar nan sun fi nata a duniya.

Wani abokina da ke kan babban fakej ɗin ya nuna min wajen a kwamfutarsa, ashe ko shi ɗin ba ya rufuwa sai ka cike gurbin cajin da banki ya yi maka. A nan ai mai rubuta cek ɗin ake caja, 1% ko naira 5,000 duk wanda ya fi yawa bisa tsarin Babban Bankin Najeriya (CBN), 43,000 kenan a asusun Alhaji, ni ba a taɓa min ko kwabo ba. A nan na fahimci wani waje kuka kwaso abin nan kuka kankare alamar dala kuka manna ta naira, ko mutum ɗaya a cikinku bai taɓa zama da ɗan kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago ya ga yadda bashi ke tafiya ba, inda rabin ciniki na amana ne da cek mai kwanan wata na gaba.

Ina so ku turo mutum shagona ya gyara littafin Satumba da Oktoba a kyauta, ku ba ni takarda da sa hannu cewa rasit ɗin ranar 11 manhaja ce ta fitar kafin cek ya wanke, ku kashe tura rasit kai tsaye a kan cek ga kowa da kowa ba ni kaɗai ba. Kuɗin bana kuma ku dawo min da shi. In wata ya ƙare ban ji daga gare ku ba zan kai takarduna FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma shugabannin ƙungiyarmu sun riga sun ce in kawo jerin mutanenmu da kuka yi wa rijista a Ijora da Apapa, mu zauna mu duba mutum nawa ne littafinsa ke nuna an biya shi alhali kuɗin na hannun mutane.