Godiya ga garejin rewaya da ya gano ciwon tsohuwar Hilux tun kafin a sayi kaya

Assalamu alaikum, Maigida, kai da yaran garejinka.

Mu masu motocin ɗaukar kayan gwari mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a kan aikin da kuka yi wa Hilux ɗin ɗan'uwanmu mai injin 22R. Za mu faɗi yadda aikin ya gudana dalla-dalla, don masu irin wannan mota su ƙaru.

Motar tana tashi lafiya da safe, amma da ta yi kamar rabin awa a hanya sai ta mutu farat ɗaya. A yi kik, inji yana juyawa, ba ya kamawa. A bar ta ta huce, ta tashi kamar ba ita ba. Mafi yawan mutane mai suke fara zargi, a wanke kafireta, a canza famfon mai, kuɗi su tafi ciwo yana nan.

Ku kuwa kun bar ta tana aiki har ta mutu a gabanku, sannan kuka auna ta da zafinta. Wannan shi ne ya fi burge mu, domin irin wannan ciwo ɓuya yake idan inji ya yi sanyi. Yaronka ya leƙa ƙaramin gilashin jikin kafireta, mai yana tsakiya daidai. Ya taɓa totur, mai ya feso. Maganar mai ta ƙare ke nan. Aka zare wayar tsakiya daga distributa, na'urar da ke raba wa fulogi wuta, aka riƙe ta kamar milimita 12 daga jikin inji, aka yi kik: babu tartsatsi ko ɗaya.

Daga nan kuka bi wutar mataki-mataki. Da makulli a buɗe, wuta ta kai volt 12 a gefen kwayil mai alamar tarawa (kwayil ne ke ƙara ƙarfin wutar batir har ta yi tartsatsi). Kuka ɗora fitilar gwaji a ɗaya gefen. Idan komai lafiya, tana ƙiftawa yayin kik. Wannan ta tsaya a kunne ƙyam. Wato babu mai yanke wa kwayil wuta, kuma abu biyu ne ke wannan aiki: fikof ɗin cikin distributa da ke aika sigina, da ignita, ƙaramin akwatin da ke zaune a kan kwayil. Fikof ya nuna tsakanin om (ma'aunin turjiyar wuta) 140 da 180 a mita, kamar yadda ya kamata, da sanyi da zafi, tazararsa da haƙoran da ke juyawa a cikin distributa kuma tana cikin milimita 0.2 zuwa 0.4. Shi ma ya fita daga zargi. Sai ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan ignita na 'yan mintuna, tartsatsi ya dawo. Zafi ne ke buɗe wata tsaga a haɗin cikinta, sanyi ya rufe ta.

Da wani ne, nan zai canza ignita ya karɓi kuɗinsa. Kai ka ce sai an san abin da ya kashe ta, in ba haka ba sabuwar ma ba za ta daɗe ba. Ashe ƙarfen da take ɗaure a kai, wanda ta nan take samun nagetif, ya ci tsatsa. Kuka goge shi da sanfefa har ya yi ƙyalli. Wayoyin fulogi biyu sun haura om 25,000 da Toyota ta ƙayyade, aka canza saitin duka, aka mayar da bakin fulogi milimita 0.8. Ka kuma ja kunnen direba ya daina cire kan batir inji yana aiki don gwada caji, domin wutar da ke tashi a lokacin tana ƙona irin waɗannan na'urori.

Ka rubuta lambar da ke jikin tsohuwar ignita, ka tura a nemo mai lamba ɗaya a kasuwar Ƙofar Ruwa, ba ka ci ribar ko sisi a kai ba. Bayan an ɗaura, ka duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, da fitila, ka sa aka ɗora mata kaya aka zaga da ita da tsakar rana kafin ka miƙa makulli tare da tsohuwar ignitar a leda.

Allah Ya saka da alheri, Ya yi wa sana'a da yaran gareji albarka.

Naku,
Masu motocin ɗaukar kayan gwari, Kano