Jan fenti a bango: abin da Hausawan Legas za su yi kafin katafila ta iso

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ka sammana wuri a shafin wasiƙu mu yi magana da 'yan uwanmu mazauna Legas, tun daga Agege da Idi-Araba har Mile 12, Ijora da Alaba Rago, a kan ranar da kowa ke tsoro amma ba a yi mata tanadi: ranar da za a wayi gari a ga jan fenti a bangon gida ko shago, ko takarda liƙe a ƙofar kasuwa.

Abin da aka saba yi kowa ya sani. A taru a masallaci bayan isha'i, a tashi dattawa su tafi fadar Sarkin Hausawa, sarki ya nemi ganin shugaban ƙaramar hukuma ko wani kwamishina, a gaisa, a ɗauki hoto, a dawo da "za a duba". Ba mu raina wannan ba, don wani lokaci yakan sa a ɗaga wa'adi. Sai dai alƙali ba ya karɓar "za a duba" a matsayin hujja, direban katafila kuma ba ya cikin waɗanda aka gana da su. Gwamnati da takarda take magana, mu kuma muna ba ta amsa da baki, shi ya sa ko muna da gaskiya ake cin mu.

Mu fara kawar da maganar nan ta "ai mu baƙi ne". Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar mallakar gida ko fili a ko'ina cikin ƙasar nan. Sashe na 44 ya ce ba a karɓe dukiyar mutum da ƙarfin hukuma sai bisa doka, a biya shi diyya ba da jinkiri ba, kuma ƙofar kotu a buɗe take gare shi. Babu inda aka ce sai ɗan asalin jiha.

Takardar da aka liƙa, aikin farko shi ne a karanta ta da kyau, a ɗauki hotonta tana jikin bangon kafin ruwan sama ko yara su yage ta. Wa ya aiko? Wace rana? Kwana nawa aka bayar? Wace doka aka ambata? Takardun nan ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan.

Akwai takardar soke mallaka. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kamar titi, layin dogo ko asibiti. Amma ikon da igiya a wuyansa. Dole jami'in da gwamna ya wakilta ya sa hannu, dole kuma a kai wa mai filin notis ta hanyoyin da sashe na 44 na dokar ya lissafa: a miƙa masa hannu da hannu, ko a ajiye a mazauninsa, ko a aika ta wasiƙa mai rajista, ko a liƙa a jikin ginin idan an rasa shi. Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho ta 1991, ta nuna cewa soke mallaka ba tare da notis na ƙwarai ba aikin banza ne, haka ma karɓe filin wani da sunan jama'a a miƙa wa ɗan kasuwa ya yi harkarsa. Don haka duk wanda aka ce an karɓe filinsa, tambayarsa biyu ce: ina notis ɗina, kuma me za a gina?

Dattawan Agege su lura da wannan musamman. Gidan da ke tsaye tun kafin ranar 29 ga Maris 1978, ranar da dokar filayen ta fara aiki, sashe na 34 nata ya ɗauki mai shi tamkar gwamna ne ya ba shi izinin zama, ko da bai taɓa riƙe takardar C of O, wato shaidar mallakar fili, ba. Tsohon rasit na saye, taswirar safiyo, rasit na harajin gida, duk hujja ne. Kada a bar su gara ta cinye a ƙasan akwati. A yi kwafi, a ɗauka a waya, a ajiye wani a gidan ɗan uwa a wata unguwa, domin ranar rusau ba wanda ke tuna takarda.

Diyya kuma a san iyakarta tun da wuri, kada a zo ana cizon yatsa. Sashe na 29 abin da aka gina da abin da aka shuka yake biya, ba darajar filin kansa a kasuwa ba. Ranar da ma'aikata suka zo ƙidaya, wanda ba ya nan ba a rubuta shi. Jama'a su ɗauki nasu mai ƙiyasin kadara mai lasisi ya tsaya tare da na gwamnati, ya rubuta ɗaki nawa, bulo ne ko katako, akwai rijiya ko babu. Ɗan haya kuwa, kuɗin ga mai gida yake zuwa. Abin da zai iya nema shi ne isasshen lokacin tashi da ragowar kuɗin hayarsa, kuma sai da rasit.

Iri na biyu ita ce takardar saɓa dokar gini, wadda ta fi yawa, kuma ita ce mai jan fenti. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 cewa tsara birane hurumin jihohi ne, dokar Legas ce ke aiki a nan, wato Dokar Tsara Birane ta 2010. LASPPPA ke ba da izinin gini, LASBCA ke sa ido da rushewa, LASURA kuma ke kula da sabunta tsofaffin unguwanni. Dokar ta jera matakai: notis na saɓa doka, umarnin tsayar da aiki, notis na tashi, rufe gini, sannan notis na rushewa. Idan an yi tsalle daga na farko zuwa katafila, lauya ya samu abin riƙewa. Amsa a rubuce ake kai wa ofishin gundumar da ya aiko, tare da kwafin izinin gini idan akwai. A kai kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, a dawo da shi. Wasiƙar da ba ta da hatimi, ranar shari'a za a ce ba a taɓa ganinta ba. Dokar ta kuma tanadi kwamitin ɗaukaka ƙara ga wanda bai gamsu da hukuncin hukumomin ba, 'yan uwanmu ƙalilan ne suka san da shi.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: wanda ya yi gini a kan magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta, ko a gefen layin dogo, babu lauyan da zai samo masa mallaka, duk wanda ya ce zai iya kuɗinsa yake so. Haka takardar rumfa da ƙaramar hukuma ke bayarwa a kasuwa izinin zama ce, ba sayarwa ba. Amma rashin mallaka bai mai da mutum dabba ba. A watan Yunin 2017 Mai Shari'a Onigbanjo na Babbar Kotun Legas ya yanke, a ƙarar da mazauna Otodo Gbame da sauran unguwannin bakin ruwa suka shigar, cewa korar mutane ba isasshen notis ba matsuguni cin mutunci ne da ya saɓa wa tsarin mulki. Masu kamun kifi ne, ba su fi mu boko ba. Abin da suka fi mu shi ne sun ƙidaya kansu, sun tara hujja, sun tafi a dunƙule tare da lauyoyin JEI, ƙungiyar da ke kare haƙƙin mazauna unguwannin talakawa.

Kada kuma mu ɓoye ragowar labarin. An rushe Otodo Gbame a watannin Maris da Afrilu na 2017 alhali akwai umarnin kotu na a dakata. Tun 1986, a shari'ar gidan Ojukwu na Ikoyi, Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas cewa ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta magana tana gaban alƙali, amma ga shi an maimaita. Odar kotu ba laya ba ce. Sai an kai ta hannu da hannu ga Antoni Janar, da kwamishinan da abin ya shafa, da Kwamishinan 'Yan Sanda, an liƙa kwafinta a mashigar unguwa, an kira 'yan jarida sun gani. Mutanen unguwar Maroko ta Legas kwana 7 aka ba su a 1990, na Makoko awa 72 a 2012, 'yan Alaba Rago kwana 14 a 2022. Wanda ya ɓata rabin wa'adin yana jiran dawowar tawaga, lauya ba zai samu lokacin haɗa takardu ba.

A wajen shigar da ƙara ma ana tuntuɓe. Ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam tana da sauri, kuma ƙa'idojin shigar da ita na 2009 sun yarda wani ya shigar a madadin wasu. Amma idan ainihin rigimar "filin na wa ne" ce, alƙali zai kore ta ya ce ba ta nan ake shiga ba, a koma farko bayan an yi asarar watanni. Neman kotu ta soke hukuncin wata hukuma kuwa wata 3 ne wa'adinsa. A tambayi lauya ƙarara wace hanya ya zaɓa, don me. Wanda ba shi da hali, akwai Ofishin Lauyan Jama'a na jihar, OPD, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, ba a biyan kuɗin lauya. Kuɗin da za a tara kuma ya shiga asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a. Ƙararraki da yawa ba a kotu suka mutu ba, a aljihun ma'aji suka mutu.

Sai batun sa hannu. A taro da jami'ai akan zagayo da takardar halarta, wani lokaci da ambulan na kuɗin mota. Kada kowa ya dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta masa da Hausa ba, kuma kada a sa hannu a shafin da samansa babu rubutu. Takardar halarta takan rikiɗe ta zama shaidar cewa an tuntuɓi jama'a sun amince.

Duk wannan gudu ne bayan wuta ta kama. Inda ake yanke hukuncin gaske shi ne lokacin zana taswirar unguwa, shekaru kafin fenti. Akwai tsarin da aka zana wa yankin Agege da Ifako-Ijaiye, kamar yadda aka yi wa Ikeja da Apapa, a ciki aka nuna inda titi zai faɗaɗa da inda aka ware wa kasuwa. Ana kiran taron masu ruwa da tsaki, ana karɓar ƙorafi a rubuce, amma gayyatar ta hannun ƙungiyoyin raya unguwa, CDA, take bi. Unguwa nawa ce Hausawa suka fi yawa amma babu ko mutum ɗaya namu a shugabancin CDA ɗinta? Muna biyan kuɗin ƙofa da na maigadi, taron wata-wata kuwa mun bar wa maƙwabta, wai ba mu da lokaci. Manyan ayyuka kuma, dokar tantance tasirin muhalli ta 1992 ta sa ana baje rahotonsu kwanakin aiki 21 domin jama'a su duba su yi magana. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi takarda a rubuce.

Haƙƙin nan ba na ranar rusau kaɗai ba ne. Idan aka fara kafa wurin sayar da gas ko gidan mai a jikin gidajen mutane ko makarantar Islamiyya, mazauna layin suna iya rubuta wa LASPPPA su nemi a nuna izinin sauya amfanin filin, su aika kwafi ga ɗan majalisarsu a Alausa, mazaunin gwamnatin jihar. Tun ana haƙa harsashi ake yi, ba bayan an ɗora rufi ba.

Mai shirin sayen fili a Ikorodu, Badagry ko Epe, kafin ya ba omo onile, wato 'yan dangin da ke sayar da filin gado, ko kwabo, ya ɗauki safiyo mai rajista ya auna, a kai ofishin Babban Safiyo na jiha a duba ko wurin yana cikin filayen da gwamnati ta riga ta karɓe. Idan masu sayarwa sun ce gwamnati ta sakar wa ƙauyensu filin, su kawo lambar gazet ɗin, wato jaridar sanarwar gwamnati, a gani. Rasit na dangi shi kaɗai ba ya tsayar da katafila.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita: sanarwar baje taswira da ta karɓe filaye a jaridun Turanci take fitowa, cikin ƙananan haruffa. Ka sa wakilinka na Legas ya riƙa bibiyarsu yana fassarawa, da sunan unguwa da ranar da wa'adin ƙorafi zai cika, limamai kuma su karanta bayan sallar Juma'a.

Wassalam.

Daga wasu masu karatunka,
Agege da Idi-Araba, Legas.